Haƙorin da Goggo Ta Hana a Cire

Kafin likita ya iso, Goggo ta riga ta buɗe tagar ɗakin baya na asibitin haƙori, ta jera ƙananan haƙoran gwaji a farin ƙyalle. A nan ta ƙare ƙuruciyarta tana haɗa wa mutane haƙora. Ba ta yarda da hasken lantarki wajen zaɓen launi; sai ta ja mutum bakin taga ta ce, "Yi dariya mu gani." In aiki ya yi kyau, likita ake yi wa godiya.

Auta, 'yar ƙaninta, tana firamare ta faɗi a bakin famfo, haƙorinta na gaba ya karye. Babanta ya ce a cire a huta. Kawu ya ce a sa na zinare. Goggo ta jefa guntun cikin madara, ta ja yarinyar sai gaban likita, ya manna shi.

"Saiwar tana da rai," in ji Goggo. "Ba mai cire min ita. Rufin dindindin da za a ɗora wa haƙorin kuwa, sai bakin ya gama girma."

Mannin ya ɓalle, aka yi ciko. Cikon ya yi rawaya, aka sake. 'Yan aji suka raɗa wa Auta "Rabin Haƙori". Ba ta taɓa rufe baki da hannu ba, da shi ta yi ta doke su a gasar muhawara. Amma duk ranar da ta leƙa ɗakin baya, sai ta tarar da wata baƙuwa tana juya madubi da sabon haƙori fari tas, zuciyarta ta yi ta tafasa.

"Goggo, wai su suka fi ni baki ne?"

"Sun fi ki shekaru, uwar tsiwa. Matsa min daga haske."

Ke ce mai hannun alheri, Goggo, kuma ke ce mai taurin kai. Direban da ya daina magana a gaban fasinja, ke kika buɗe masa baki. Malamar da yara ke kwaikwayon maganarta, ke kika mayar da ita gaban allo. Duk Auta na kallo, tana jin kamar rabonta ake raba musu.

A makon ajiye aikinki kika kira ta bakin taga. Likita ya duba, saiwar na nan daram, aka ɗora mata rufin da kika haɗa, aikinki na ƙarshe.

Mun gode, Goggo, Allah ya saka da alheri. Masu wannan sana'a, ku koyi ƙin cire abin da bai mutu ba, ko da za a yi fushi da ku.

Ranar walimar ban kwana da Goggo, duk wanda ta haɗa wa haƙori sai cewa yake "Goggonmu". Auta ta harare su. Nasu haƙoran aro ne. Nata, saiwar da aka haife ta da ita ce a ƙasa.