Eriyar da Ta Juya wa Jos Baya

Shekara shida eriya ɗaya muke sha da maƙwabcinmu, wani Ibo ma'aikacin reluwe. Gorar eriyar a gidansa take, waya ta tsallako katanga ta shigo falonmu. Shi da maigidana kuwa, abincin wannan na wancan ne.

Sai aka yi rikicin nan na Kafanchan. Ba wanda ya taɓa wani tsakaninmu, wallahi ko harara. Amma aka ƙone rumfar ƙanin maigidana a kasuwa, sai maigidan ya dawo gida ya sa almakashi ya datse wayar nan. Gaisuwa ma ta mutu.

Ran wata Asabar da hantsi ya shigo da sabuwar eriya da doguwar gora. Ya ɗaure ta a jikin ɗaki, ya hau tsani, ni ina taga ina duba talabijin.

"Ya yi?"

"Bai yi ba!"

Sai shuu da dishi-dishi, mai karanta labarai kamar a cikin ruwa. Ya juya, ya juya, gumi na zuba.

Can muka ji muryar maƙwabcin ta bayan katanga, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji: "Alhaji, juya shi wajen Jos. Kaduna ya yi nisa."

Raina ya yi fari, na ce yau za a shirya. Ina! Maigidana bai ko waiga ba. Ya murɗa gorar wajen Kaduna, ya ɗaure tamau, ya sauko.

Na ce, "Haba Alhaji! Mutum ya miƙo hannu, ko 'to' ba za ka ce ba? Shi ya ƙone rumfar?" Ya ce in shiga harkata. Na shiga, amma raina a ɓace, don na san da wani yake fushi, kan wani ya sauke shi.

Shekara biyu muna kallon inuwar mutane. Idona har ruwa yake yi.

Da reluwe ta fara mutuwa, maƙwabcin ya kwashe iyalinsa suka koma gabas. Matarsa ta shigo muka yi kuka. Maigidana yana ɗaki, bai fito ba.

Washegari na ji ƙarar tsani. Ya hau, ya kwance gorar, ya juya ta wajen Jos. Hoto ya fito tas, har ƙwayar idon mai labarai.

"Ya yi?"

Na daɗe ina kallon hoton nan. Na ce masa bai yi ba.