Ranar Da Aka Shayar Da Motata A Tsamaye

Jikokina sun sha tambayata dalilin da ya sa nake ajiye da wata tsohuwar jar dara mai tabo a cikin adakata, alhali ba ta sawuwa. Amsar tana cikin wata tafiya ta kwana biyu da na yi daga Sakkwato zuwa Bafarawa a ƙarshen zamanin Turawa, ina malamin dabbobi na En'e a ƙasar Isa. Za ni ba da labarinta zango zango, yadda ta gudana.

Laraba: Sakkwato zuwa Goronyo

Mun tashi ƙarfe biyar da kwata, da idar da sallar asuba. Mu biyu ne, ni da direbana Mamman, Bagobiri, tsohon soja, wanda hannunsa ya fi bakinsa ladabi. Motar tawa ce ta kaina, doguwar jif mai cin mutum tara, mai ja da ƙafa huɗu, wadda na saya hannun wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu. A lokacin ban san wani ɗan ƙasa mai irinta ba tsakanin Isa da Sabon Birni. Na kafa mata ƙa'ida wadda ba a ƙetarewa: kowace safiya a duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya, kowace Asabar a sa giris, a zuba ruwan batir.

A bayan motar akwai akwatin katako cike da ƙanƙara da garin katako, a tsakiyarsa kuma kwalaben allurar bushiya, cutar nan da kan share garke cikin mako guda. Ardo Manu ya tara shanun jama'arsa a fadamar Bafarawa bisa alkawarin da na yi masa. Wa'adin da ya ba ni shi ne La'asar ta Alhamis. Idan ta wuce ban zo ba, zai kora su arewa, ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Faransa babu allura, can kuwa aka ce cutar ta ɓullo. Bazara ce, ƙanƙarar ma ba za ta wuce yammacin Alhamis ba. Fetur kuwa, tanki cike da garwa uku, domin daga Sakkwato babu mai sayar da shi a wannan hanya.

Mun wuce Wurno ƙarfe bakwai, muka iso shingen Goronyo goma da rabi. Ɗan doka ya hango jar dara a kaina, ya ɗage itace kafin mu tsaya. A bakin kasuwa muka sha fura ta kwabo biyu, Mamman ya juye garwa ɗaya cikin tanki.

Goronyo zuwa Tsamaye

Daga nan hanya ta zama rairayi. Sau biyu muka kafe, sau biyu Mamman ya sa ƙaramar giya, ya rage iskar taya, muka fita. Inji ya yi zafi da Azahar, muka ba shi minti arba'in a gindin tsamiya. Ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Tsamaye, muka sauka gidan Malam Buhari, aminin mahaifina, manomi mai kiwon dawaki.

Al'adar gidan kuwa tun kakanni ita ce, dokin baƙo ba ya zama na baƙo sai ranar tafiya. Da ka sauka, a karɓi linzami, a kai shi barga, a ba shi ruwa da harawa, kai kuwa ba ka tambaya. Mai wannan aiki shi ne Baba Nomau, dattijo mai furfura wanda ya tsufa a bargar gidan. Ya tsaya yana kallo Mamman ya buɗe bakin tanki da ke gefen mota, ya juye garwa ta biyu.

Ya ce, "Yaro, nan taka sha?"

Mamman ya ce, "Nan taka sha, Baba. Ta hi raƙumi ƙishirwa."

Aka kai motar cikin barga, kusa da turken wani ƙaton baƙin doki, akawal. Mamman ya ja ni gefe ya ce yana so ya kwana cikinta. Malam Buhari ya ji.

Ya ce, "Ɗana, gidan ga an taɓa sace ko akala? Direbanka shi kwana ɗaki kamar mutum."

Na ce wa Mamman ya bi umarnin maigida. Wannan hukunci nawa ne, ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba. An kawo mana tuwon gero da miyar kuka da zabuwa biyu. Akwatin allura kaɗai na sa aka shigar ɗakina, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Alhamis: mil biyu daga Tsamaye

Ƙarfe shida muka yi sallama. Mamman ya bi ƙa'ida, komai daidai, sai dai ya ce allurar agogon fetur ta ɗan hau fiye da yadda ya bar ta. Na ce masa tsayuwar mota ce a kan gangare. Ta tashi bugu ɗaya. Mun yi mil biyu, ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu a tsakiyar wata gonar da aka share ana jiran ruwa.

Muka bi matakan da Baturen ya koya mini. Wuta da fari: Mamman ya cire fulogi, ya kara a jikin inji, na murɗa makulli, wuta ta ba da shuɗi. Muka goge fulogan huɗu duka, muka mayar. Ta ƙi. Muka duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta saki. Muka yi ta bugawa har batir ya fara nishi. Ƙarfe bakwai da rabi na buɗe akwatin, na tarar ruwa ya fara taruwa a ƙasansa.

Sai Mamman ya kwance ɗan kofin gilashi da ke ƙarƙashin famfon mai, ya ɗaga shi ga rana. Abin da ke ciki ya rabu biyu, fetur a sama, wani abu mai duhu a ƙasa. Ya ɗanɗana da yatsa.

Ya ce, "Malam, wanga ruwa na. Har da laka."

Muna cikin tunanin ko wanda ya sayar mana da garwa ne ya yi ha'inci, sai ga Baba Nomau bisa jaki, ɗauke da ƙwaryar fura da aka manta a ba mu. Ya sauka yana murna da ya same mu.

Ya ce, "Halan hutawa taka yi? Ai na sani ba ƙishirwa ta ba. Da hannuna ni ba ta, tun da jijjihi, rabin tulu daga rijiyar Malam. Na so in ƙara, ta ce ta ƙoshi."

Mamman ya ce, "Baba, da ka buɗe ba ka ji wari ba?"

"Na ji mana. Ni ce ruwan Sakkwato na, shi as sa ni ba ta namu mai daɗi."

Mamman ya yunƙura zai yi masa faɗa. Na dube shi, ya haɗiye abin da ke bakinsa. Mutumin da ya shekara hamsin yana shayar da dawakin baƙi bai yi komai ba face aikinsa. In labari ya koma gida cewa ya lalata abin hawan baƙo, shi da bargar nan sun rabu ke nan, Malam Buhari kuma ba zai ƙara haɗa ido da ni ba. Na ce, "Baba, an gode, Allah shi saka. Yanzu wanke mata ciki za mu yi, ka taimaka muna."

Matsalar a fili take. Garwa ɗaya da ta rage ba za ta kai mu Bafarawa ba cikin irin wannan rairayi. Dole a ceci man da ke cikin tanki. Mamman ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance ƙusar gindin tanki. Ruwan da ya kwanta ya fara fita, muka bar shi ya zube. Sauran kuwa girgizar hanya ta riga ta dama shi, muka tare shi a garewani biyu da suka zama fanko. Muka gwada tacewa da gefen rawanin Baba Nomau, ruwa da laka suka bi ta ciki. Mamman ya miƙe, bai dubi fuskata ba, ya dubi bisa kaina.

Ya ce, "Malam, wurin soja da hular gashi muka tacewa. In an jiƙa ta da mai, mai shi wuce, ruwa shi tsaya."

"Wace hula?"

"Guda ɗai ag garin ga, ranka shi daɗe."

Wanda bai ga zamanin ba ba zai san matsayin jar dara ba. Ita ce takardar shaidar ma'aikaci, ita ke ɗage shinge, ita ke sa a shimfiɗa buzu. Tawa kuwa mahaifina ne ya ba ni ita ranar da na kama aiki. Na duba agogo, takwas da minti goma. Na cire ta na miƙa masa.

Baba Nomau ya riƙe ta da hannu biyu a bakin mazurari, Mamman yana zubawa a hankali, ni ina zubar da ruwan da ya taru a gindinta. Aikin ya ci sa'a biyu. Bayan nan aka wanke kofin gilashi, aka hura bututun mai da baki, aka buɗe kafireta aka tsane ta da ƙyalle. Batir ya riga ya gaza, sai da hannun juyawa. A juyi na tara ta kama, ta yi baƙin hayaƙi, ta daidaita. Baba Nomau ya shafa mata gefe kamar wuyan doki, ya ce dama ya san cikinta ne ya ɓaci.

Sabon Birni, Isa, Bafarawa

Mun tashi sha ɗaya saura kwata, kaina babu komai. Mamman ya ba ni tasa hular mai maiƙo, na ƙi. A Sabon Birni, sha biyu da rabi, ɗan doka ya tsare mu minti ashirin yana tambayar inda malamin yake, sai da na nuna masa akwatin. Can muka juye garwa ta ƙarshe. Sau ɗaya ta ƙara tari a hanya, Mamman ya zubar da ɗigon ruwa daga kofin, muka ci gaba.

Mun shiga Isa uku saura kwata. Hanya ta bi ta ƙofar gidana, inda nake da huluna cike da kwando. Mamman ya rage gudu. Na ce masa ya wuce. Mutanen da ke zaune a dakalin ƙofata sun gan ni, an kuma daɗe ana maganar.

Ana kiran La'asar muka sauka fadamar Bafarawa. An riga an ɗaura kaya bisa takarkarai, garken farko ya fuskanci arewa. Ardo Manu ya tsaya dogare da sandarsa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Malamin da ni yi magana da shi mai jar hula na. Kai wa ka?"

Na ɗauko ta daga bayan mota na ba shi. Ya sansana, ya juya ta, ya nemi bayani, Mamman ya ba shi a taƙaice ba tare da kama suna ba. Ardo ya sa hannu cikin akwatin. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi dunƙulen fura biyu ba, amma kwalaben da sanyinsu. Ya juya ya yi magana da Fulatanci, aka fara sauke kaya. Muka dama allura nan take, muka yi ta aiki har rana ta faɗi, ba mu bar ko ɗan maraƙi ba cikin waɗanda suka isa allura.

Gida

Mun kwana a rugar Ardo, muka iso Isa Juma'a ƙarfe tara na safe, tanki na kukan yunwa. A ranar Mamman ya kai murfin tanki wurin maƙeri aka yi masa mazaunin kwaɗo. Da muka sake sauka Tsamaye bayan damina, na kama hannun Baba Nomau na kai shi gaban mota, na nuna masa bakin lagireto, na ce likitanta ya ce daga yau ta nan za ta riƙa sha. Shekara shida yana shayar da ita duk zuwanmu, har Allah ya karɓi abinsa, bai san abin da ya faru ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Mamman da Malam Buhari da Baba Nomau, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Motar ta daɗe da komawa hannun maƙera. Darar tana nan, wanda ya so ya sansana, har yau ba ta rabu da warin fetur ba.