Ƙaiƙayin Acca a Idon Mama

Wata Asabar ce cikin watan Oktoba, shekarar da nake aji biyar na firamare, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a Madakiya. Ni da ƙannena muna carafke a gindin mangwaro, Mama kuwa tana kan dutsen bayan gida tana sheƙar acca. Ashe mutanen gidan talabijin ne daga Kaduna, sun ji labarin matar da aka cire wa nono saboda ciwon daji, ta kuma tashi.

Tashi kam Mama ta tashi, sai dai garin ne bai yarda ba. Tun dawowarta daga asibiti a Zariya, matan zumuntar cocinmu suka cire ta daga gayyar tonon citta, wai don tausayi. Su zo mata da kunu, su yi addu'a, in sun gan ta da tsintsiya su ƙwace. Ni aka ɗora wa ɗiban ruwa da daka da ba aladu dusa, ina yi ina gunaguni. Tausayin nan ya fi ɗinkin likita yi wa Mama ciwo. In ta jiyo waƙarsu da safe za su wuce gona, sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. "Sun binne ni ina tsaye," haka take cewa.

Shi ya sa ta yi murna da baƙin. Ta ɗaura zanin zumunta, ta kafa ɗankwali, yau dai kowa zai ga lafiyarta. Amma 'yar jaridar, wata budurwa mai dogon takalmi, cewa ta yi a cire ɗankwalin, Mama ta zauna jikin tsohon rumbu ta sunkuyar da kai. Tabɗi! Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "'Yata, ni ba gawa ba ne. Ki ɗauke ni ina aiki." Ta koma kan faifanta. Ana cikin ɗauka iska ta juya, ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido, hawaye shar. Mai kyamara ya matso da gudu, ni kuma aka hana ni hura mata idon sai da ya gama.

Ranar Lahadin da aka nuna shirin, bayan sujada, muka cika falon Maman Bulus, shugabar zumunta, janareta na ruri a waje. Sai ga Mama tana share ido a hankali, an sa wani kiɗa mai sa kuka, murya tana cewa baiwar Allah kullum cikin hawaye take. Na dubi matan. Na ce shi ke nan, yanzu ko cokali ba za su bar ta ta ɗauka ba. Can Maman Bulus ta matsa kusa da akwatin, ta ƙura ido, ta tafa hannu. "Kai, jama'a! Wannan ai ƙaiƙayi ne!" Falon ya kece da dariya har da masu riƙe ciki. Ta nuna tulin accar da ke bayan Mama a hoton, ta ce, "Saratu, duk wannan ke kaɗai kika sheƙe?" Mama ta ce, "To, da wa?" Washegari da safe waƙar matan nan ta tsaya a ƙofarmu, muka ji ana kira, "Saratu, fito da fartanya, rana na yi!" Ban taɓa ganin Mama ta ɗaura zani da sauri irin na ranar ba.

Yanzu a waya nake ganin waɗanda suka warke daga ciwon nan, ko a nuno su suna kuka, ko a kira su jarumai har mutum ya kasa gane su. Mama dai tsohuwa ce kawai, tana nan tana faɗa da jikoki a kan awaki. Gayya ta yi sanyi, 'yan ƙwadago ke tonon citta, waƙar safiyar nan kuma ina kewarta sosai. Har yau in na ga hawaye a talabijin, sai na tambayi kaina ta ina iska take kaɗawa.