Ƙwallon Fada a Shagari

Muna idar da sallar Asuba muka bar Sakkwato, ni da abokaina biyu. Wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce a wani ƙauyen Shagari ta gayyace ni, wai za su karrama wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ailan da ya zauna can a zamanin iyayenmu. Na ɗauka sun yi kuskuren suna, domin marigayi mahaifina malami ne da ya sha zane ni a kan ƙwallo.

A Bodinga muka karya da ƙosai da kunu. Albasa ta yi araha, ɗaya daga cikin abokan ya cika but ɗin motarmu da ita, muka ƙarasa tafiyar muna hawaye ba a yi mana mutuwa ba. Daga titi muka sauka hanyar burji, tsakanin gonakin da aka girbe.

Filin a bayan gari yake, an shafa wa turakun raga sabon fenti. Shugaban ƙungiyar, wani tela, ya ce Fada, kamar yadda ake kiran limamin Kiristan, magani yake rabawa, kuma shi ya kawo ƙwallon farko garin. In an kira La'asar, da kansa yake busa usur ya kora yara masallaci. Shi ya sa limamin gari ma ya zo ya zauna a gaba.

Cikin waɗanda suka buga a lokacinsa, tsoho ɗaya ya rage, idonsa ya tafi. Da aka ce masa ga ɗan wane, sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kai na ɗan Malam? Ubanka ya hi kowa gudu cikinmu. Hwada kan kahwaɗa ya ɗauke shi ran da ya ci uku."

Na ce Baba fa ba ya son ƙwallo. Ya ce ƙafar Baba ce ta karye a filin nan, Fada ya yi jinyarsa har ya miƙe, daga nan bai sake bugawa ba. Sai a lokacin na gane bulalar da ya sha yi mini ta tsoro ce.

A madadin Baba aka ba ni bugun buɗe wasa. Takalmina ya riga ƙwallon tashi, gari ya kwashe da dariya.

Mun iso gida bayan Magariba. Na tambayi Inna ko ta san labarin. Ta ce ta sani mana, ba wanda ya taɓa tambayarta ne. Tun ranar nake zama da ita kullum da yamma ina tambaya.