Nonon da Nake Kai wa Baba Rumfar Walda

Shekara biyu cur ina shanye rabin maganin mahaifina ina cike gurbin da ruwan rijiya.

Babanmu mai walda ne a Funtuwa, a wata rumfar kwano da ke bakin hanyar Bakori. Manoma ke kawo masa garmar shanu da amalanke, daga baya aka shiga kawo tankunan ruwa da bokitai na farin ƙarfe. Wannan farin ƙarfen shi ne mugun. Da wuta ta taɓa shi sai farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, har sai na laluba kafin in gane wane ne Baba, wane ne buhun gawayi. Duk ranar da Baba ya yi aikin ƙarfen nan, kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi, haƙoransa na kaɗawa kamar injin gurzar auduga. Washegari ya miƙe ya koma.

Masu walda duka sun yarda nono ne ke wanke hayaƙin daga ƙirji. Don haka kullum na taso makaranta, Inna kan ba ni langa in karɓo kindirmo wurin wata Bafulatana in kai masa. Tsakanin kasuwa da rumfar akwai wata bishiyar mangwaro. Wallahi ƙarƙashinta na yi kumatun da nake da su yau. Nonon da ke isa wurin Baba kuwa, ko kifi aka saka a ciki zai rayu.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa na ci, "shanun bana ruwa kawai suke sha ne?"

"Fari ne, Baba."

"Fari ne ya fito miki da kumatu haka?"

Ina aji biyu na sakandare tari ya kama shi ya ƙi tafiya. Mutumin da ke ɗaga garma da hannu ɗaya ya koma sai ya huta sau biyu kafin ya kai masallacin unguwa. Aka tafi da shi asibiti a Zariya, na bi su ina riƙe da buta. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske, ya ce huhun ya kumbura ya yi tabo. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na faɗi komai, har da bishiyar mangwaron.

Likitan ya cire tabarau ya dube ni.

"'Yata, da kin kawo masa shanun Malumfashi kaf ya tatse, ba abin da zai canza. Nono ciki yake zuwa. Hayaƙin nan garin ƙarfe ne, ya fi ƙarfin ido, kuma huhu yake shiga ya zauna."

Baba ya ce, "To, likita, in na ɗaura tsumma a hanci fa?"

"Malam, tsumma ba ya tare shi. Maganin da zan ba ka zai rage kumburin ne. Tabon ba ya gogewa. Ka bar walda."

Na ɗauka zan ji sanyi da aka wanke ni. Ban ji ba. Da laifina ne, ai da sai in daina, ya warke.

Kwana tara ya yi a gida. A na goma hadari ya fara haɗuwa, manoma, wasu tun daga garin Gozaki, suka jera garmuna a ƙofar gidanmu, mu takwas kuma muna jiran tuwo. Ya ɗauki baƙin gilashinsa, ya koma rumfar, ya fito da injin walda waje ƙarƙashin wata darbejiya, ya ce iska za ta taimaka. Iskar takan juyo masa da hayaƙin a fuska.

Har yanzu ina kai nonon, mai kauri, ko ɗanɗanawa ba na yi. Na tuna masa abin da likita ya ce, ya ce ya ji, a dai kawo. Yakan sha rabi, ya tsaya ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya turo mini langar.

"Shanye, Uwata. Ke ce yake yi wa aiki."