Gaisuwar da Ta Cinye Sunan Golanmu

Shekarun da na yi a kwaleji a Birnin Kudu, ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallonmu. An ba ni muƙamin ne saboda rubutuna ya fi ƙafata kyau, ban kuwa taɓa musu ba. Ƙungiyar ba ta da laifi, 'yan kallo ne dai babu. Ranar wasa sai ka haɗa da mai rake da awakin da ke kiwo bayan raga kafin ka ce an yi taro. Sauran ɗalibai suna can gidan kallo suna ta ihu a kan Turawan da ba su san da zamansu ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Golanmu mutumin Dingaya ne ta ƙasar Gwaram, dogo, marar yawan magana. Mahaifinsa manomi ne. Ya yarda da karatu, amma bai ga dalilin da ƙato zai ƙi zuwa gida ranar Asabar ana tsaka da cirar gyaɗa, wai yana can yana tare ƙwallo ba. An nuna masa hoto a waya, ya ce kowa ma zai iya sa riga ya tsaya gaban raga. Shi rediyo ya sani, tana rataye a kafaɗarsa har gona. Ya ce in abin na gaske ne zai ji a can. In bai ji ba kuwa, wata na ƙarewa a ajiye ƙwallo a dawo gona.

Ana cikin haka muka ci wata ƙungiyar cikin gari da ta daɗe tana wulaƙanta mu, ɗaya da nema, golanmu ya kaɗe fenariti har biyu. Na kira shirin wasanni na wani gidan rediyo. Da ƙyar na samu shiga. Mai shirin ya tambaye ni wace ƙungiya ce, na faɗa, ya ce madalla, ya koma zancen cinikin 'yan wasan Turai.

Kyaftin ɗinmu ne ya kawo dabara. Akwai shirin gaishe-gaishe na yammacin Juma'a, wanda duk ya aika saƙo ana karantawa, sai mu cusa labarin a cikin gaisuwa. Golan ya yi waya gida ya ce a kunna rediyo bayan la'asar.

Ni na rubuta saƙon, kuma ni na yi ɓarnar. A wurinmu ba ka faɗa wa magana ba tare da ka gai da manya ba. Na fara da shugaban kwaleji, sai mataimakinsa. Kocinmu ya leƙo ya ce ai ba a tsallake limamin makaranta. Wani ya tuno da alhajin da ya taɓa ba mu aron mota zuwa Kiyako. Kyaftin ya ce shi fa? Golan yana zaune a gefe. Shi ne ƙarami a cikinmu, don haka sunansa da na mahaifinsa da labarin fenariti biyun suka koma can ƙasa. Na karanta sau biyu, har ina yaba wa kaina yadda ban saɓa wa kowa ba.

Ranar Juma'a muka kewaye waya ɗaya a gindin darbejiya. Mai gabatar da shirin ta karanto shugaba, ta karanto mataimaki, da liman, da alhaji. Sai ta yi 'yar dariya ta ce wannan mai saƙo ya tara jama'a.

"Da sauransu, duk ana gaishe ku," ta ce, ta sa kiɗa.

Ba wanda ya dube ni. Wallahi da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Golan ya tafi gida washegari, ya dawo ranar Lahadi da yamma. Na same shi a ɗaki na shiga ba shi haƙuri, na ce za mu sake aikawa, wannan karon da sunansa zan fara ko shugaba zai kore ni. Ya ce in bar shi kawai. Na ɗauka tsohon ne ya yanke hukunci.

"Baba bai hana ni ba," ya ce. "Tabarma uku ya shimfiɗa a ƙofar gida. Ya kira mai unguwa, ya kira maƙwabta, ya sa sabon batir. Da aka sa kiɗan sai ya ƙara murya, wai ko za ta dawo kan saƙon. Har aka kira magariba yana riƙe da rediyon, mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya."

Na tambaye shi abin da tsohon ya ce masa da ya je.

"Cewa ya yi in ci gaba da wasana, wataƙila shi ne bai ji da kyau ba." Ya jawo safar hannunsa daga ƙarƙashin katifa ya miƙo mini. "Malam sakatare, ba zan sake zaunar da shi a gaban mutane ba."

Na karɓa. Asabar ɗin da ta biyo aka zura mana huɗu, kuma wannan ma ba wanda ya ji.