Ranar Da Mahaifina Ya Ɗora Mini Kwanon Sarki

A zamanin Turawa ni ɗalibi ne a makarantar Midil, ɗan dagacin wani ƙauye a yankin Fulatan, kuma ba ni da buri sai zama injiniya. Da hutu ya zo aka tura ni koyon aiki wurin gina kwalbati a hanyar Ƙaraye zuwa Rogo, inda motocin gyada ke maƙalewa. Baturen da ke kula da aikin ya shaida mini cewa sai ya ga hannuna ya san siminti da tsakuwa kafin ya tura sunana makarantar gaba.

Ashe yawancin leburorin mutanen ƙauyenmu ne. Na ɗauki shebur, wani dattijo ya karɓe, wai ba a gabansa ɗan maigari zai taɓa ƙasa ba. Na sunkuya kan kwanon sarki, wanda ake jidar tsakuwa da shi, sai wani ya riga ni. In na gifta kuwa su durƙusa gaisuwa, aiki ya tsaya. Ni kuma kunya ta hana ni musu da sa'o'in ubana. Kullum Bature ya zo sai ya tarar da ni tsaye da farar riga fes kamar ango. Ran nan ya kira ni ya ce shi bai ga injiniya a nan ba, ɗan sarauta ya gani, in mako ya ƙare a haka in tattara in koma gida.

Na je wurin mahaifina, ko da yake na san ya fi so in gaje shi, kuma na ɗauka daɗi zai ji. Na kwashe labarin duka na faɗa masa. Washegari da hantsi sai ga shi a wurin aikin. Bayan an gama gaishe-gaishe ya sa aka cika kwano da tsakuwa, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora mini a ka da hannunsa. Sannan ya gaya wa jama'a cewa ya gode da girmamawa, amma daga yau duk wanda ya sauke mini kaya shi ya ɓata wa. Wallahi nauyin ya kusa karya mini wuya, ina tafiya ina hawayen murna. Dattijon nan na shebur shi ya riƙa tsokanata, wai ashe 'ya'yan sarauta ma suna gumi. Bature ya tura sunana.

Sai da na girma na gane abin da mahaifina ya sadaukar ranar, domin da hannunsa ya sallama magajinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa mutanen nan da suka so ni har suka kusa cutar da ni. 'Yan'uwana masu koyon sana'a, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku yi hattara da mai karɓar muku aiki don ƙauna, domin ranar da za a tambaye ku abin da kuka iya, ba ya wurin.